Littafin wannan wata: aku ko Rabi?

Ƴar Mokoyo (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a. Wata ya ƙare, sai zaɓen littafin da za mu karanta tare. Wancan watan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam muka ɗauka, duk ƙanƙantarsa mutum 6 kaɗai suka kai ƙarshe, sauran kuma kun san kanku. Baba Mushe ya ce mu shiga Magana Jari Ce na ɗaya, shi ma na Imam, inda aku ke ba da labarai. Maman Ƴan Biyu ta ce atafau sai an sauko zamani. Kowa ya faɗi nasa, amma don Allah a rubuce. Ban da saƙon murya mai minti goma, forfe, wato kuɗin data, ya yi tsada.

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikumus salam. Baba ku yi mini afuwa, ba raini ba ne. Na karanta Ruwan Bagaja har ƙarshe, na yi dariya sosai da yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna tsiya gari gari. Amma da na rufe shi ban ga kaina a ciki ba, ban ga maƙwabciyata ba. Sarakai, aljanu, maza na yawon duniya. Yanzu kuma a ce aku ne zai riƙe mu wata guda? Ni dai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu nake so. Rabi, mace da ƴaƴa tara, miji ya samu kuɗi ya kwaso wata ya kore ta. Wace unguwa ce a Maraɗi babu Rabi?

Tela na Sabon Gari: To fa. An taɓo Baba. Bari in kashe keke in zamna da kyau.

Baba Mushe: Ɗiyata, na ji ki, kuma ba ki yi laifi ba. Amma bari in ba ku labarin littafin ga da ke gabana.

Zamanin da muke lakwal, wato makarantar boko, in bakinka ya suɓuce ka yi Hausa cikin aji, sai a rataya maka sambal a wuya. Namu ƙashi ne da igiya. Kai kuma sai ka yi ta farautar wanda zai yi kuskure ka sauke masa, don wanda ya kwana da shi shi ke shan bulala da safe. Haka munka tashi muna karanta Faransanci tar, harshen uwarmu ko baƙi ɗaya ba mu sani ba. Ƙanen mahaifina yana fataucin goro da atamfa tsakanin nan da Kano, shi ya zo da Magana Jari Ce, ya ce tunda ni ne ɗan lakwal in karanta musu bayan isha'i. Zaure ya cika. Na ɗaga littafi kusa da fitila, na gyara murya, na karanta da ƙarfi: "Magana Jari Se." Wani ɗan koli da ya yi ajin Yaƙi da Jahilci a Najeriya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Shi ya zaunar da ni kwana uku ya nuna mini c na Hausa ba na Faransa ba ne, da baƙaƙen nan masu lanƙwasa.

Shi ne wannan littafin. Bangonsa ya tafi tun tuni, na yi masa wani da takardar siminti. Gara ta ci kusurwa ɗaya, har yau in na buɗe shi warin kananzir nake ji. A nan na fara sanin cewa maganar da muke yi a bakin kasuwa ana iya kwantar da ita bisa takarda ta tashi da ranta. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗiyata. Hausar da ke ciki tsantsa ce, babu gauraye.

Ɗan Jami'a: Allah ya ƙara girma Baba. Labarin ya taɓa ni. Sai dai batun tsantsa akwai ƴar magana. Asalin abin gasa ce da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, don makarantun boko su samu abin karantawa. Daga ita aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara wanda yayan Abubakar Imam ne, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Imam lokacin yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, nan kusa da mu. Bayan haka East ya ɗauko shi zuwa Zariya ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, daga ciki ya gina Magana Jari Ce, na ɗaya ya fito 1937. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya a ciki, akwai tatsuniyoyin Jamusawa na ƴan'uwa Grimm. Shi kansa akun da ke tsare mutum da labari don kada ya fita, tsohon salo ne na Indiya da Farisa. To in ƴan yau sun kwaso daga fim ɗin Indiya aka ce sun ɓata al'ada, shi kuma fa?

Tela na Sabon Gari: Yaro, shaddar da nike ɗinka ma babbar riga, a Maraɗi anka saƙa ta? Daga waje ta taho. Amma in na yanka na ɗinka na yi mata aiki a wuya, wa za shi ce rigar Bature ce? Matsalar wasu ƴan yanzu, kwat ɗin suke ɗauko ma dut da maɓallanta su ce ga babbar riga.

Baba Mushe: Tela ya gama magana. Ni harshe na ce, ban ce labari ba.

Mai Kabu-kabu: Ni fa da kunne nake karatu, ku yi haƙuri da ni. Ina da katin waya cike da littattafan da ake karantawa da murya, in ina jiran fasinja a bakin babbar kasuwa sai in saƙala abin kunne. Na saurari Magana Jari Ce kaf. Abin da na lura, akun nan ɗan kasuwa ne. Kullum Musa ɗan sarki ya yi shirin fita ya bi ɗan'uwansa Mahmudu, sai ya jefo masa bakin labari, kafin ya farga gari ya waye. To marubutan waya ma haka suke mana, daidai inda daɗi ya kai sai su yanke su ce sauran na kuɗi ne. Bambancin, aku ran Musa yake ceto, su kuwa aljihuna suke nema.

Maman Ƴan Biyu: Kai Mai Kabu-kabu ka tuna mini takaici. Bara na biya wani littafi na waya, sai da na nemi mai tura naira a Jibiya ya tura wa marubuciyar, ya cire nasa. An kai shafi na 70, amarya na asibiti ba a san ko za ta tashi ba, sai marubuciya ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Har yau amaryar na kwance. Amma ku lura, ni ba na waya na kawo ba. Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990 ya fito, ya girmi rabin ƴan zauren nan. Abin mamaki har yau in an ce littafin mace sai a ce na zamani, na soyayya, na ƴan mata.

Madam ta Lise: Nan nake jira a zo. Shekara da shekaru ina koyar da Une si longue lettre na Mariama Bâ ƴar Senegal, na 1979. Ramatoulaye, ƴaƴa goma sha biyu, mijinta Modou ya auri ƙawar ɗiyarsu ya juya mata baya. Ku ɗora shi kusa da labarin Rabi da mijinta Alhaji Abdu da amaryarsa Delu ku gaya mini bambancin ciwon. Amma ɗaya ana rubuta jarrabawa a kansa a samu maki, ɗayan kuwa in an kama shi cikin jakar yarinya sai a ƙwace a kira iyayenta. Ni da hannuna na taɓa ƙwace shi, Allah ya yafe mini. Na kai gida da niyyar in ga irin shirmen da suke karantawa, ban kwanta ba sai da na gama.

Kuma in za a bi gaskiya, akwai inda Balaraba ta fi kusa da mu. Ramatoulaye malamar makaranta ce mai albashi, tana da sararin zama ta rubuta doguwar wasiƙa tana tunani. Rabi ba ta da wannan sararin, tukunya ta ɗora ta shiga sayar da abinci don yara su ci su yi karatu. Ita marubuciyar ma ba daga nesa ta hango abin ba. Ƙanwar Janar Murtala ce, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana ƙarama ba. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 2012, kuma a Indiya aka buga fassarar. Mutanen Indiya sun ga darajarsa, mu muna ƙwacewa.

Abin da ban yafe wa littafin ba shi ne ƙarshensa. Bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu ya tsiyace, sai a taru a kan Rabi a ce ta koma masa?

Ƴar Mokoyo (mai kula da zaure): Haba Madam! Ba mu karanta ba kin faɗa mana ƙarshe.

Madam ta Lise: Wayyo, ku yi haƙuri, na sha'afa. Hannu ya riga tunani.

Maman Ƴan Biyu: Tunda an riga an fasa ƙwai, ni ƙarshen nan ne ya sa na yarda da littafin. Da Rabi ta ƙi komawa da na ji daɗi, amma da na san tatsuniya ce. Yayata haka aka yi mata, kawunnai suka cika ɗaki, kowa na cewa ki dubi yaran nan. Marubuciyar ba ta ce daidai ne ba, nuna mana ta yi yadda ake yi.

Madam ta Lise: Ni kuma ina ganin wanda ke riƙe da alƙalami yana da ikon buɗe ƙofar da babu ita a gida. Za mu gwabza a kan wannan ranar tattaunawa, ki shirya.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ba ni da ja a kan Hajiya Balaraba, ko Bilkisu Funtuwa, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, waɗannan sun san kunya. Amma kada daɗin hira ya sa mu manta abin da ke yawo cikin wayoyin ƴaƴanmu yanzu. An nuna mini wani, layi uku na karanta na ajiye ina istigfari. Babu sunan gaskiya, babu mai dubawa, yarinya ƴar shekara 14 na karantawa cikin bargo. Da can littafi sai ya bi ta hannun mai bugawa da mai shago, akwai idon da ake jin nauyi. Ruwa ba ya tsami banza, ba haka kawai aka ƙona littattafai a Kano a 2007 ba.

Maman Ƴan Biyu: Allah gafarta Malam, waɗanda kuka ce sun san kunya, su ne fa aka yi wa tofin Allah tsine a lokacinsu. Aka ce adabin kasuwar Kano, aka ce suna lalata tarbiyya. Yau sun zama na kirki saboda an samu na baya da za a zaga. Kuma wutar 2007 me ta hana? Takarda ta ƙone, labari ya koma waya inda ashana ba ta kaiwa.

Malam na Limanci: To Hajiya sai mu naɗe hannu kenan?

Maman Ƴan Biyu: A'a Malam. Ni dai ƴan biyuna tare muke karantawa, in na ga abin da bai yi mini ba mu yi magana. Na fi son ta tambaye ni da ta tambayi waya.

Malam na Limanci: Wannan ke ce. Uwa nawa ke da lokacin haka, uwa nawa ta iya karatun? Ban gamsu ba, amma na bar shi nan.

Ɗan Tasawa: Ku bar ni in jefa nawa dutsen. Tun safe ana Imam, Balaraba, Kano, Zariya, Dakar. Duk na wasu. Ni garinmu ba nisa da Mai Jirgi, inda kaburburan Vule da Shanwan suke. Turawan Faransa biyu da suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, suka yi ɓarna a Birnin Ƙwanni, suka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, ƙarshe sojojinsu suka juya musu baki suka harbe su. Kakata in tana ba da labarin da ta ji daga tata kakar, sai ta rage murya kamar suna bayan danga. Wanda ya mayar da wannan zamani littafi shi ne Abdoulaye Mamani, Sarraounia, 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tare su. Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin Hausawa, ƙasar Hausa, amma da Faransanci. Kakata ta rasu ba ta san an rubuta ba.

Ɗan Jami'a: Gaskiya ne. Ko da yake shi ma Mamani ya sa gishirinsa da yawa, ƙagaggen labari ne ba tarihi ba.

Ɗan Tasawa: Ai gishirin nake so. Ganɗoki ma ba da aljanu ya ƙare ba? Ni tambayata ina namu gishirin. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi suka kafa garin nan, Sarki Ɗan Kasawa, yaƙe-yaƙen Sarki Ɗan Baskore, ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu. Zamanin gyaɗa, da alhazan da suka yi arziki da iyaka. Ko rufe iyakar 2023, da dubun mutane suka koma bin hanyar daji da babur. Duk wannan bai isa littafi ba?

Madam ta Lise: Kada mu ce ba a yi komai ba. Tun 1973 aka fara makarantar gwaji da Hausa a Damagaram, kuma an buga littattafan Hausa a Yamai, na maɗaba'ar Albasa, da taimakon Jamusawa. Sai dai makaranta aka yi wa su. Ba su taɓa zama a kan tabarmar mai sayar da littattafai kusa da na Kano ba, balle a yi hayarsu dala biyar biyar kamar yadda muka riƙa yi muna ƴan mata.

Tela na Sabon Gari: Kuma ko an rubuta, da wace Hausa? Ni na taɓa sa baki cikin wani zaure na ƴan Najeriya, na rubuta "munka tahi", wani yac ce mini in koyi Hausa tukuna. Ni! Bara gwamnati ta ce Hausa ce harshen ƙasa, madalla. Amma hal yau ɗiyana in za su rubuto mini saƙo "ina kouana" suke sawa, "tchikin gida". Wanda bai iya rubuta ciki ba, shi za shi rubuta littahi?

Ɗan Jami'a: A 2025 ne Baba Tela, cikin kundin da aka fitar ƙarshen watan Maris. Faransanci ya koma harshen aiki.

Tela na Sabon Gari: To, na ji. Kai dai ba a kuskure gabanka.

Autar Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ban taɓa magana a nan ba, karatu kawai nake. Amma maganar Yaya Ɗan Tasawa ta hana ni shiru. Ni ina rubutu a waya, da wani suna. Malam kada ku damu, ba irin wancan ba ne. Na gama littafi uku. Duka ukun a Abuja da Kano suke faruwa, ni kuwa ban taɓa wuce Katsina ba. Unguwannin da nake sawa a littattafan wasu na gan su. Jarumina naira yake kashewa, yana da kamfani, yana zuwa Dubai.

Na huɗun na ce bari in gwada gida. Yarinya ƴar Bagalam mai tallar fura, ta faɗi jarrabawar brebe sau biyu, saurayinta yana shigo da mai daga Ɗan Isa a jarka bisa babur, da dare. Na sa fada da shayi, na sa jika da dala. Shafi biyar na saki. Masu karatuna yawancinsu ƴan Najeriya ne, su ne masu biya. Sai tambaya: mene ne lakwal, mene ne brebe, jika nawa ce a naira, wai me ya sa jarumin talaka ne. Wata ta ce in gyara Hausata. Ƴan nan gida kuwa da na sani suna karantawa, ko ɗaya ba ta ce uffan ba. Na ajiye shi na koma Abuja.

Ɗan Tasawa: Kash.

Mai Kabu-kabu: Ƙanwata, saurayin nan na jarka na san shi, ko ban san shi ba na san shi. Hanyar da ake bi a kauce wa shinge, yadda ake kashe fitila a bi hasken wata, yadda jarka ke ƙuna a cinya in ta yi yoyo, duk zan faɗa miki. Kyauta.

Baba Mushe: Jikata, da munka karanta Imam a wancan zauren, akwai kalmomin da ba namu ba ne, ba mu taɓa jin su ba. Ba wanda ya aika masa ya gyara. Mu munka yi tambaya har munka gane. Shafi biyar ɗin suna nan ko kin goge?

Autar Zaure: Suna nan Baba. Amma da kurakurai, kuma ina jin kunya.

Baba Mushe: Wanda ya ce Jari Se gaban zaure guda, shi za ki ji wa kunya?

Malam na Limanci: In za a turo, a turo mini ni ma. Zan karanta da idon basira ba na neman laifi ba, in sha Allahu.

Ƴar Mokoyo (mai kula da zaure): To bari in tattara kafin magariba. Na ƙirga waɗanda suka turo mini zaɓinsu a gefe: Alhaki Kuykuyo Ne 11, Magana Jari Ce 7, mutum ɗaya ya ce Sarraounia, mun san ko wane ne. Rabi ta ci. Baba a yi haƙuri, aku sai wata mai zuwa. Matsala ɗaya, kwafi biyu kaɗai muke da su, na Maman Ƴan Biyu da wanda Madam ta ƙwace.

Madam ta Lise: Na mayar wa mai shi tun a lokacin! Wannan nawa ne, da kuɗina na saya.

Ɗan Jami'a: Abokina zai shiga Katsina ranar Juma'a, in an haɗa kuɗi ya duba mana a kasuwa. A ba ni zuwa Alhamis da dare.

Baba Mushe: Na yarda da ƙuri'a. A sa mini ɗaya, zan aiko yaro da kuɗin. Amma tun yanzu in faɗa, wata mai zuwa kowa ya nemi nasa. Nawa ba ya fita daga ɗakina.

Autar Zaure: Zan turo shafi biyar ɗin bayan isha'i. Akwai tela a shafi na uku da ya ci kuɗin ɗinkin Sallah ya ɓuya bayan kanti, don Allah Baba Tela kada ku ce da ku nake.

Tela na Sabon Gari: Ki turo mu gani tukuna. In shina da saƙo da tabarau, sai mun haɗu gaban mai unguwa.